Kewaya Aislan a Ƙaramin Jirgin Ruwa: Jagora Daga Shiri Har Dawowa

Wanda ya taɓa ratsa layin masu busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san kawunan kifin nan masu tauri kamar itace, waɗanda Ibo ke kira okporoko. Da yawansu daga ƙasashe biyu suke fitowa, Nowe da Aislan. A Aislan da zafin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ake busar da su, a ɗura a kwantena, a yo Legas da su. Ƙasar da kifin nan ya baro ita ce zancenmu, kuma ta ruwa za mu kewaya ta.

Aislan tsibiri ne a arewacin tekun Atilantika. Faɗinsa murabba'in kilomita 103,000 ne, amma mutanensa ba su cika 400,000 ba, kuma kusan biyu cikin ukunsu suna Reykjavik, babban birnin ƙasar, da kewayenta. Tsibirin yana zaune daidai kan tsagin da ya raba manyan ɓangarori biyu na ɓawon duniya, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, waɗanda ke nisantar juna da kimanin santimita 2 a shekara. Ta wannan tsagin ne duwatsu ke aman wuta, ruwan zafi ke ɓulɓulowa. Tsakiyar ƙasar fako ne na baƙin dutse da ƙanƙara, ba mai zama a can. Garuruwa a bakin ruwa suke, suna fuskantar teku, domin daga nan abinci ke zuwa. Gaɓar yamma da arewa da gabas kuwa a tsattsage take: teku ya kutsa cikin ƙasa ta dogayen lunguna masu zurfi tsakanin duwatsu, waɗanda ƙanƙara ta sassaƙe tun fil azal. Su suna kiran irin wannan lungu fjordur, shi ya sa za ka ga sunayen garuruwa da yawa da kalmar suke ƙarewa.

Akwai titin mota da ya zagaye ƙasar, kilomita 1,300 da 'yan kai, amma ya tsallake yankin arewa maso yamma, kuma mota ba ta kai ka ƙananan tsibirai. Ƙaramin jirgin ruwa yana shiga wuraren nan, ka kwana a ɗaki ɗaya kwana takwas zuwa goma sha ɗaya, kullum ka farka a sabon lungu. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu: a tafiyar nan iska ce mai magana ta ƙarshe. Jadawalin da kamfani ya buga niyya ce kawai. Duk shirin da zan kawo, daga zaɓen jirgi har ranar tikitin komawa gida, a kan wannan aka ɗora shi.

Mataki na farko: zaɓi wata

Jiragen suna wannan zagaye ne daga wajen ƙarshen Mayu zuwa Satumba. In tsuntsaye ne suka ja ka, musamman lundi, ɗan tsuntsun nan baƙi da fari mai jan baki kamar na aku, wanda fiye da rabin irinsa na duniya a Aislan suke ƙyanƙyasa, to tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli ne lokacinka. Daga tsakiyar Agusta sukan watse su koma teku.

Koren hasken nan da ke rawa a sararin samaniyar arewa yana cikin hotunan tallar kusan kowane kamfani. Kada hoto ya ruɗe ka. A Yuni da Yuli dare ba ya yin duhu, don haka ba za ka gan shi ba. Sai ƙarshen Agusta da Satumba duhu ke dawowa, a lokacin kuma teku ya fara tashi, tsuntsaye sun tafi. Ga wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba, ni Yuli nake ba shi shawara.

Da rani ma'aunin zafi yakan tsaya wajen 10 zuwa 13. Wanda ya san asubar hunturu a Jos zai ce ai wannan ba komai. Bambancin shi ne namu sanyin busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska mai shiga ƙashi.

Mataki na biyu: zaɓi jirgi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Jiragen yawon buɗe ido iri biyu ne ke zuwa Aislan. Akwai manya masu ɗaukar mutum dubu biyu ko uku, akwai ƙanana masu fasinja 100 zuwa 200. Garin Isafjordur, wanda shi ne mafi girma a arewa maso yamma, mutanensa ba su kai 3,000 ba. In babban jirgi ya sauke fasinjojinsa a can, baƙi sun yi yawan masu gari, kuma abin da za ka gani shi ne ƙeyar wanda ke gabanka. Ƙaramin jirgi yana ɗaure a kwatar masunta a tsakiyar gari, in babu kwata ya saki anga ya kai ku gaɓa da kwalekwalen roba mai inji da ake kira Zodiac. Mafi muhimmanci, in iska ta hana shiga wani lungu, yana iya juyawa ya shiga na gaba. Wannan damar ce ainihin abin da kake biya.

Kamfanoni irin su HX, Lindblad Expeditions, Ponant da Iceland ProCruises sun yi suna a wannan hanya. Kafin ka ba kowa kuɗinka, rubuta musu ka yi waɗannan tambayoyi, ka kuma nemi amsa a rubuce:

Fasinja nawa jirgin ke ɗauka, kuma masu rakiya nawa ne? A kowane irin wannan jirgi akwai madugun tafiya, shi ne ke zama da kyaftin su tsara inda za a sauka, a ƙarƙashinsa kuma akwai masana duwatsu da tsuntsaye da tarihi. Ka tambaya ko akwai 'yan ƙasar a cikinsu. Labarin gari a bakin wanda kakarsa ta gyara kifi a kwatar garin daban yake.

Fita yawo a tudu yana cikin kuɗin, ko kowace fita da kuɗinta? Wani farashin zai yi maka araha, sai ka shiga ka tarar duk motar da za ta kai ka wani wuri sai ka sake biya. Araha ba ta ado. Haka nan ka tambayi harajin tashoshi, da harajin da gwamnatin Aislan ta ɗora wa fasinjojin jiragen yawon buɗe ido tun farkon 2025, da tukuicin ma'aikata, da intanet. Wasu kamfanonin suna ƙara farashi saboda sun haɗa da barasa ba iyaka. Wanda ba ya sha ba shi da dalilin biyan wannan.

Da wane harshe ake bayani? Wasu jiragen fasinjojinsu Jamusawa ne ko Faransawa. Ga ɗan Nijar ko Kamaru ko Cadi jirgin Faransawa na iya zama alheri, ga ɗan Najeriya ko Gana kuwa ya tabbatar akwai Turanci a kowace fita.

Shin kamfanin yana cikin AECO? Ƙungiya ce ta masu jiragen yawo a yankin Aktik, wato ƙarshen arewacin duniya, da aka kafa a 2003, tana da ƙa'idoji kan kiyaye dabbobi da tsirrai da mutuncin ƙananan garuruwa.

Sai ka ɗauki jadawalin ka ƙirga awowin da za a yi a tudu, ba yawan sunayen garuruwa ba. Ka kuma duba ko hanyar ta taɓa Girinlan ko tsibiran Faro, domin wannan zai shafi bizarka.

Batun ɗaki: wanda ke tsakiyar jirgi kuma a ƙasa-ƙasa shi ne ya fi kwanciyar hankali in teku ya tashi. Ɗakunan sama da na goshin jirgi sun fi tsada, sun kuma fi jijjiga. Taga ta ishe ka. Baranda a wannan sanyi ba kasafai ake zama a cikinta ba. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya ƙari mai yawa, sai dai in kamfani ya yarda ya haɗa shi ɗaki da wani, namiji da namiji, mace da mace. Gaba ɗaya maganar dubban daloli ake yi ga mutum ɗaya, ban da tikitin jirgin sama.

Mataki na uku: biza, inshora da hanya

Aislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza guda, tun 2001, don haka bizar Shengen ta gajeren zama za ka nema. Ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya ko Nijar ko Gana. Wata ƙasar Shengen ce ke karɓar takardu a madadinta, kuma shafin intanet na gwamnatin Aislan yana nuna wace ce ga kowace ƙasa. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Fasfonka ya kasance an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fitarka. Za a nemi takardar kamfanin jirgi mai nuna hanya da ranaku, da shaidar otal, da bayanan banki, da shaidar aiki ko sana'a.

Ga dabarar da za ta kare maka dukiya. Kamfanoni kan karɓi kafin alƙalami tun da wuri, sauran kuɗin kuma wajen wata uku kafin tafiya. Ƙofar neman biza tana buɗewa wata shida kafin ranar tafiya. To ka nemi layin ganawa tun ranar da ƙofar ta buɗe, don amsa ta fito kafin lokacin cika kuɗi. Ka kuma karanta sharaɗin fasa tafiya kalma-kalma, ka ga me zai dawo maka in an hana ka biza. Girinlan da Faro ba sa cikin Shengen. In hanyarku ta bi ta can, dole bizar ta ambace su, ta kuma ba ka damar shiga fiye da sau ɗaya.

Doka ta ce inshorar lafiyarka ta kai aƙalla Yuro 30,000. Kada ka tsaya a nan. Nemi wadda ta haɗa da ɗauko majiyyaci daga jirgin ruwa da jirgi mai saukar ungulu, da fasa tafiya, da ɓatan kaya. A jirgi akwai likita, amma ɗakin shan magani ne kawai gare shi.

Babu jirgin sama kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Ana bi ta Faris, Amstadam, Firankfot ko Landan, daga nan awa uku zuwa uku da rabi a sauka Keflavik, babban filin jirgin saman Aislan. Mai fasfon Najeriya ko Gana ya yi hattara da Landan, domin Ingila tana neman bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da takardar da ta keɓe shi. Bi ta ƙasar Shengen ya fi sauƙi. Ka isa Reykjavik kwana biyu kafin tashin jirgin ruwa. In akwatinka ya maƙale a hanya zai same ka, in jirgin sama ya yi latti ba ka rasa tafiyar ba, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Daga Keflavik zuwa cikin gari kimanin kilomita 50 ne, bas na yi cikin minti 45. Tasi tana da tsada ƙwarai.

Kuɗinsu krona ne, amma kusan komai da kati ake saye, har shiga banɗaki a wasu wuraren. Tafi da katin dala ko Yuro da ka gwada ka tabbatar yana aiki a waje, ka san lambobinsa na sirri.

Mataki na huɗu: kaya

Sutura hawa uku ake yi. Ta jikin fata ta ulu ce ko ta zaren roba mai tsotse gumi. Ta tsakiya rigar sanyi mai kauri. Ta waje kuma riga da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga ba ta da wuri a nan, domin in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jikinka. Shadda da yadi ka ajiye su na cin abincin dare a cikin jirgi, inda ɗumi yake kamar gida.

Ka haɗa da hular ulu mai rufe kunne, safar hannu kala biyu don ɗaya za ta jiƙe, safar ƙafa ta ulu, da takalmin hawan dutse da ka riga ka saba da shi. Dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama jirage da yawa suna ba da aro, wasu har da rigar waje. Tambaya kafin ka saya. Sai madubin hangen nesa, wanda in babu shi rabin tsuntsaye da dabbobin teku ɗigo-ɗigo za ka gan su. Sai jakar goyo, da ƙaramar jaka mai hana ruwa don waya, da ƙyallen rufe ido saboda barci cikin haske, da man kaɗanya don leɓe da hannu. Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne irin na Turai, ɗan Najeriya da Gana sai da adafta.

'Yan'uwa mata, dogon hijabi da abaya mai jan ƙasa suna da haɗari wajen shiga kwalekwale: iska na kama su, suna kuma sarƙewa a ƙafa a kan tsani. Abin da ya fi shi ne ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga, da rigar ruwa mai kaiwa gwiwa a kan wandon ruwa mai faɗi. Sutura ta cika, hannu da ƙafa kuma a sake.

Maganin da kake sha kullum ya kasance a jakar hannu, cikin kwalinsa, da takardar likita. Ka ga likita kan maganin jiri da tashin zuciya na teku tun a gida, musamman in kana da hawan jini ko ciwon ido. Ana shan sa ne kafin jirgi ya fara rawa. In amai ya riga ya zo, ya makara. Citta tana taimakawa. Kilishi da dambun nama kuwa ka bar su a gida, domin dokar shigo da nama da madara daga wajen Turai tana da tsanani. Yaji da dabino ba laifi.

Mataki na biyar: sallah da abinci

Wannan sai an shirya masa tun kafin a tashi. A Reykjavik ranar 21 ga Yuni rana tana faɗuwa ne wajen ƙarfe 12 na dare, ta fito kafin 3 na asuba, kuma tsakanin nan jan shafaƙi ba ya ɓacewa. A can arewa akwai kwanakin da ba ta faɗuwa sam. Azahar tana shiga wajen ɗaya da rabi, ita da la'asar ba su da matsala. Magariba da isha da asuba ne ke buƙatar fatawa. Malamai sun yi magana a kai: wasu sun ce a ƙaddara da lokacin ƙasa mafi kusa da alamominta ke bayyana, wasu sun kawo wasu hanyoyin. Je wurin malaminka da jadawalin fitowa da faɗuwar rana na kwanakin tafiyarka, ku tsayar da hanya ɗaya, ka rubuta ta. Ka tambaye shi kuma game da ƙasaru da haɗa salloli, domin a mashhurin Malikiyya rangwamen haɗawa na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Agogonsu daidai yake da na Gana, awa ɗaya bayan Najeriya da Nijar, kuma ba sa canja shi.

Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya, don haka ka duba allon da ke nuna inda goshin jirgi ya dosa, ko ka tambayi ma'aikata. Tafi da ƙaramar buta ta roba da dadduma mara nauyi. A Reykjavik akwai ƙananan masallatai, in kwanakinka sun haɗa da Juma'a.

Abinci da sauƙi, domin ƙasar kifi ce, kuma kowane jirgi yana dafa na marasa cin nama. Sanar da kamfani tun lokacin biyan kuɗi, ka sake gaya wa shugaban ɗakin cin abinci a daren farko, ka roƙe shi ya riƙa nuna maka miyar da aka sa wa giya. A gari za a yi maka tallar pylsa, tsiran nan nasu da ake sawa cikin burodi. Akwai naman alade a haɗinsa. Hardfiskur, busasshen kifin da ake ci da man shanu, da skyr mai kama da kindirmo mai kauri, ka ɗanɗana su. Ruwan sanyi na famfo garau yake, kada ka sayi na roba. Na zafi yakan yi warin farar wuta, haka yake fitowa daga ƙasa. Wuraren wankan ruwan ɗumi kuwa, al'adarsu ita ce kowa ya tuɓe ya wanke jiki kafin ya shiga, maza daban mata daban, amma tafkin kansa a haɗe yake. Ka san wannan kafin ka sa sunanka a wannan fitar.

Mataki na shida: zama a jirgi da shiga kwalekwale

Ranar shiga za a yi atisayen ceto, kuma wajibi ne ga kowa. Ka san inda rigar cetonka take da wurin taruwarku. Kowace yamma madugu yakan tara fasinjoji ya nuna taswirar iska ya faɗi shirin gobe. Kada ka rasa wannan zama. In ya ce an fasa wani wuri, to ya ga abin da ba ka gani ba. Ka saurari inda za a je a madadinsa.

Kwalekwalen yana ɗaukar mutum 10 zuwa 12. Sa rigar ceto ka ɗaure ta tun kana cikin jirgi. Kayanka duka a bayanka, hannuwa biyu a sake. Za a duba katinka a ƙofa lokacin fita da dawowa, da haka ake sanin ba a bar kowa a tudu ba. A bakin tsani ma'aikaci zai miƙo hannu: ba musafaha za ku yi ba, ka kama tsintsiyar hannunsa shi ma ya kama taka. Jira sai ya ce ka taka, domin shi ke lura da igiyar ruwa. Da ka shiga ka zauna a gefen robar, ka matsa a zaune, kada ka miƙe sai matuƙi ya yarda. In gaɓar babu kwata, ka matsa gaba, ka juya ƙafafunka waje ta ɓangaren teku, ka sauka cikin ruwa mai kaiwa ƙwauri. Kafin fita da bayan dawowa ana wanke takalma, don kada a kwashi iri ko cuta daga wani wuri zuwa wani.

A tudu ka bi sawun da aka yi. Gansakukar da ta lulluɓe tsohon narkakken dutse shekaru aru-aru ta yi tana girma, sawu ɗaya kuma yakan daɗe bai warke ba. Bakin tsaunin da lundi ke zama duk ramuka ne a ƙarƙashi, yana iya burmawa da mutum. In za ka leƙa, kwanta rub da ciki. Lambar gaggawa 112 ce.

Hanyar kanta

Yawancin jirage daga Reykjavik arewa suke nufa. Zangon farko yankin Snaefellsnes ne, inda dutse mai hular ƙanƙara, mita 1,446, ke tsaye a bakin teku, sai garuruwan Stykkisholmur da Grundarfjordur.

Daga nan sai arewa maso yamma, kuma a ganina nan ne zuciyar tafiyar. Latrabjarg katangar dutse ce mai tsawon kilomita 14, tsayinta ya kai mita 440 a wani wurin, kowane tsagi cike da tsuntsaye. Ruwan gabanta ya yi ƙaurin suna wajen hautsinewa, don haka ka sha maganinka da wuri a wannan daren. A lungun Arnarfjordur akwai magangarar ruwa ta Dynjandi, mita 100, siririya a sama tana buɗewa a ƙasa kamar an shanya mayafi. A ɗan tsibirin Vigur za a ba ka sanda ka ɗaga sama da kanka saboda kria, tsuntsuwar da ke tasowa tun daga ƙarshen kudancin duniya ta zo nan ta yi ƙwai, mai saran duk wanda ya matso sheƙarta. A nan ne kuma za ka ga yadda ake tsintar lallausan gashin agwagwar teku daga sheƙa, a musanya mata da busasshiyar ciyawa ba tare da an cuce ta ba. Sai an bi sheƙa kusan 60 ake haɗa kilo ɗaya.

Can ƙurya akwai Hornstrandir, inda babu titi ko ɗaya. Mutanen ƙauyen Hesteyri na ƙarshe sun kwashe a 1952, aka mai da yankin gandun da doka ta kare a 1975, yanzu yanyawar ƙanƙara ce ke yawo tsakanin kangaye. Dokar sauka a can tana da tsauri ga jirage masu jama'a da yawa, don haka in ka ga sunan a jadawali ka tambaya: sauka za a yi, ko kallo daga ruwa?

A arewa akwai Siglufjordur, garin da kifin herin ya azurta tun farkon ƙarni na 20, har kifin ya ɓace a ƙarshen shekarun 1960 saboda yawan kamu, gari ya koma kusan mutum 1,200. Gidan tarihinsa ya cancanci awa biyu. Tsibirin Grimsey, kilomita 40 daga gaɓa, shi ne inda layin Aktik, wato layin taswira da ke nuna iyakar yankin Aktik, ya ratsa ƙasar Aislan. Layin yana matsawa arewa da kimanin mita 14 a shekara, shi ya sa alamarsa, wata ƙatuwar ƙwallon kankare da aka kawo a 2017, ake mirgina ta. Zuwa wurinta da dawowa tafiyar ƙafa ce ta kusan awa uku, kuma Grimsey na cikin wuraren da iska ta fi hana sauka. Daga Akureyri ko Husavik ake shiga mota zuwa magangarar Godafoss da tafkin Myvatn, inda laka ke tafasa a fili; kada ka tsallake igiyar da aka ja, ƙasar wajen ɓawo ne a kan ruwan zafi. A mashigin Husavik kuma aka fi ganin manyan dabbobin teku da ake kira wel. Ka tsaya a waje da madubinka, ka nemi feshin numfashinsu a saman ruwa.

Gabas ta fi shiru. Seydisfjordur gari ne na gidajen katako masu launi a ƙarshen dogon lungu. Daga Djupivogur ake zuwa tafkin Jokulsarlon, inda guntayen ƙanƙara ke ɓallowa daga Vatnajokull, katafaren filin daskararriyar ƙanƙara wanda ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. Tafiyar mota ce ta fiye da awa biyu kowace fuska, ka auna ƙarfinka.

Gaɓar kudu yashi ce baƙi, babu mafaka, don haka jirgi kan kwana yana gudu a buɗaɗɗen teku. Ɗaure kayanka, ka kwanta da wuri, ka tashi kafin a shiga tashar tsibirin Heimaey, domin ƙofar tashar ƙunci gare ta, tsauni a hannu ɗaya, sandararren dutsen wuta a ɗayan. Cikin daren 23 ga Janairun 1973 ƙasa ta tsage a gefen garin. Allah ya sa guguwar da aka yi kafin ranar ta hana jiragen masunta fita, suna nan a tasha, da su aka kwashe mutum kusan 5,300 kafin gari ya waye sosai. Gidaje kusan 400 suka salwanta. Da narkakken dutse ya doshi toshe tashar, sai suka yi ta zuƙo ruwan teku da famfuna suna kwarara masa wata da watanni har ya sandare ya tsaya, tashar ma ta fi da samun kariya daga iska. Ka hau Eldfell, dutsen da aka haifa a wannan shekarar, mita 200 ne kawai, sannan ka shiga gidan tarihi na Eldheimar da aka gina a kan wani gida da aka tono daga toka. In yanayi ya yi kyau kyaftin zai bi ta gefen Surtsey, tsibirin da ya ɓullo daga teku a Nuwamban 1963, ya ci gaba da aman wuta har Yunin 1967. Masu bincike kaɗai ke taka shi, don a ga yadda tsiro da tsuntsu ke kama sabuwar ƙasa da kansu.

Washegari da safe ake sauka a Reykjavik. Kada ka yanki tikitin jirgin sama na wannan safiyar. Ka kwana ɗaya a gari. Hanyar Keflavik ta bi ta yankin Reykjanes ne, wanda ya farka da aman wuta tun 2021, har aka kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamban 2023. Kafin ka kama hanyar filin jirgi ka duba vedur.is na hukumar yanayi da safetravel.is na masu aikin ceto, ka kuma yanki tikitin bas tun daren.